Kalangu Ba Ya Riƙe Amana

"Ki rantse mani tukuna, Lauratu. Ki ce ko Dada ba za ta ji ba."

Malama Lauratu ta ɗago kai daga littattafan yaran da take dubawa. An tashi daga makaranta, fili ya yi tsit, daga ita sai Malam Lawwali a gindin bishiyar bedin da malamai ke shan iska. Tun safe ta lura ba ya cikin hayyacinsa.

"Mi ya yi zafi haka har da rantsuwa?"

"Ke dai ki rantse."

Ta yi dariya, ta ce wallahi ba mai ji. Ka ji wautar masoya, su yi rantsuwa tun ba su san abin da za a ɗora musu ba. Da ta san abin da ke tafe da ta kama bakinta.

Ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya rage murya.

"Aikin ga zan aje."

Jan biron da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

"Baba jiki ya ƙi," in ji shi. "Na je Damari ran Asabar, ko tashi ba ya yi sai an kama shi. Mahauta sun taru gabanshi, sun ce ba su da wani sai ni. Ya ɗauko wuƙarshi ya aza mani a hannu, Lauratu. Mi kike so in ce mashi?"

Ta riga ta hango inda zancen zai faɗa.

Lawwali ɗan Sarkin Fawa Mani ne, can wajen Damari ta ƙasar Sabuwa. Shi kaɗai ne a gidansu ya yi boko har ya zama malami, aka turo shi Faskari. Ita kuwa Lauratu ƙanwar hedimasta ce, Malam Maharazu, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba shi ne wali. Mutum ne mai gaskiya a wurin aiki, amma in aka zo maganar asali, kansa ya fi dutse tauri. Da Lawwali ya fito neman aurenta, cewa ya yi gidansu ba a taɓa haɗa jini da mahauta ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Aka yi ta kai ruwa rana. Lauratu ta rame har zobe na faɗuwa daga yatsanta, mahaifiyarsu Dada ta yi kuka ta gaji, aka ɗauko kawunansu daga Ƙanƙara suka sa baki. Da ƙyar ya sauko, shi ma da sharaɗi, a gaban dattawa.

"Alli na ba ƙanwata, ban ba wuƙa ba. Ran da ya koma ma wuƙa, ba ni ba shi."

A kan haka aka sa rana, bayan Babbar Salla.

"Ka manta sharaɗin Yaya?" ta tambaye shi.

"Ban manta ba. Shi ya sa nike son ki yi shiru har a ɗaura. In an shafa fatiha, sai in kai mashi maganar. Ya yi hushi ya gaji. Aure ai ba riga ba ne da zai ce ki tuɓe."

"Wato in ci amanar Yaya in riƙe taka."

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Shiru kawai na roƙa. Ki duba ƙasar ga, Lauratu, tun da aka yi ƙarin albashin Udoji wa ke zaune? Malamai nawa suka aje alli suka kama kwangila? Nama kau motoci ake cikawa har Ikko. Ni ba yunwa zan kai ki ba."

"Ni na ce maka yunwa nike tsoro?"

Hawaye suka zubo mata. Ita ba ta taɓa ƙyamar fawa ba, Allah ya sani. Abin da take tsoro shi ne idon yayanta.

Ranar ko tuwon kirki ba ta ci ba. Kuma kamar da gayya, washegari da yamma Maharazu ya shigo cikin gida fuska a sake, abin da ba ya cika yi ba. Ya zauna a bakin tabarmar Dada ya kira Lauratu.

"Ke, albishirinki. Mataimakina za a mai da shi Mairuwa. An ce in ba da sunan wanda zai maye shi, ni kau Lawwali na yi niyya."

Ta sunkuyar da kai.

"Ina so dangi su san ban yi kuskure ba," ya ci gaba. "Masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe, su zo su gani. Yaron ga ya wanke hannunshi. Ko kau ba haka ba?"

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Ta dubi furfurar da ta fara fito masa, ta tuna shi ne ya sayar da kekensa ya kai ta kwalejin horon malamai lokacin da kowa ke cewa karatun ɗiya mace asara ne. Kunya ta kama ta kamar ta nutse.

"Allah shi saka da alheri, Yaya," shi ne abin da ta iya cewa.

Da ya fita, Dada ta bi ta da kallo. Uwa ce, ba a yi mata ɓoyo.

"Mi ke cin ki?"

"Dada, in mutum ya ba ka ajiya, ajiyar kau tana ƙona ka, ya za ka yi?"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji tsohuwar, tana tsince shinkafa. "Amma in wuta ce, mai da ma mai ita. Kar ki yar, kar ki ba wani. Ki ce shi zo shi ɗauki abinshi."

Da wannan shawarar ta tari Lawwali lokacin hutun ƙarfe tara, yara na ta guje-guje a fili.

"Ka je ka gaya mashi da bakinka. Mataimaki zai ba ka, Lawwali! Mutum na gina ka kana haƙa mashi rami?"

Fuskarsa ta canza, irin canjin da ba ta taɓa gani ba.

"Rami? Ni ke haƙa rami? Shi da ya tsaya gaban mutane ya mai da sana'ar ubana abin ƙazanta? Kowace salla wa ke fiɗe mashi rago?"

"Ni dai ka sauke mani kayan ga, sun yi mani nauyi."

"Kin rantse."

"Na rantse, kuma ban karya ba."

"To ki ji da kyau. Duk garin ga ke kaɗai na gaya ma. In maganar ga ta hita, daga bakinki ta hita."

Ya juya ya shiga aji. Ta tsaya rana na dukanta, tana jin zafin maganar fiye da zafin ranar.

Akwai kuwa mai jiran irin wannan ranar. Alhaji Gide mutumin Ketare ne, da dillancin shanu ya fara, yanzu arzikin mai ya mai da shi ɗan kwangila. Shi aka ba ginin sababbin azuzuwan makarantar. Ginin bai wuce taga ba, amma kullum farar motarsa Fijo na gindin bedi, wai ya zo duba aiki. Aikin da yake dubawa kuwa yana koyarwa a aji uku, sanye da gyale. Sau biyu yana aiko da manya neman aurenta, Lauratu na cewa ta gode. Bai yi fushi ba. Dillali ai ya san ciniki ba ya ƙarewa sai an ja igiya.

Ranar kasuwa, bayan an tashi daga makaranta, Lauratu ta biya ta sayi kayan miya. Tana kusa da rumfunan mahauta ta hango Lawwali tafe a kan Hondarsa, yana ratsa mutane a hankali, da farar riga da biro a aljihu, malami sak.

Ashe ranar mahautan wajen Sabuwa sun kawo shanu, kuma sun taho da makaɗinsu, Audi Mai Kalangu, tsoho mai ido ɗaya wanda tun Lawwali na goye yake yi wa gidansu kiɗa. Kowa ya san kalangu gangar mahauta ce, kowane mahauci da takensa, kuma akwai taken da ba a kaɗa wa kowa sai Sarkin Fawa, ko wanda aka riga aka aza wa wuƙar sarauta a hannu.

Audi na ganin ɗan gidansu, sai ya matse kalangu a hammata ya sauya kiɗa.

Rumfa ta ɗauka. Mahautan Sabuwa suka miƙe tsaye, wuƙaƙe a sama, suna ihu. Shi kuwa gogan naka, da ya kamata ya sunkuyar da kai ya wuce, jini ya riga hankali. Hannunsa na dama ya saki babur ya tashi sama a dunƙule, ya jinjina, ya amsa. Bai fi ƙiftawar ido ba. Ya ma wuce yana murmushi, bai san ya yi ba.

Lauratu ba ta jin maganar ganga. Abin da ta gani shi ne Alhaji Gide, zaune a rumfar wani mai tsire, ya tsaya da tauna. Ya dubi makaɗin, ya dubi bayan babur, sannan ya share baki ya yi wani murmushi mai sanyi. Wanda ya yi shekaru a kasuwar shanu da mahauta ai ba a yi masa fassarar kalangu.

Bayan la'asar tana wanke-wanke ta ji an banko ƙofar gida.

"Lauratu!"

Maharazu ne, hula a karkace, idanu jawur.

"Tsakaninki da Allah, Lawwali zai aje aiki shi koma fawa?"

Kwanon da ke hannunta ya sulluɓe cikin ruwa. Ta miƙe.

"Yaya..."

"E ko a'a! An ce yau tsakiyar kasuwa an kaɗa mashi taken Sarkin Fawa ya amsa. Ni ban yarda da maganar ganga ba, ban yarda da maganar mai neman abin da ya rasa ba. Ke nike tambaya. Kin sani?"

Kalma ɗaya ce. In ta ce a'a, yayanta zai yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba, aure ya tsira. In ta ce e, ta sauke kaya, ta karya rantsuwa.

"Maganar ba tawa ba ce, Yaya. Ka tambayi mai ita."

"Ni kike gaya ma haka? Ni?"

"Ka yi haƙuri. Ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ba zan hwaɗi abin da ba nawa ba."

"Lalle na yi kiwon banza! Na sa ki makaranta don ki koyi yadda ake rufe ni? Ina nan ina shirin kai sunanshi gaba, yaran ajin ƙarshe na hannunshi jarrabawa na tahe, ke kina kallona kina cewa Allah shi saka!"

Ya ɗaga hannu. Dada ta fito da sauri ta shiga tsakani.

"Kul, Maharazu! Ba a gabana ba."

Hannun ya sauka, amma bakin bai tsaya ba. Ya ce mata munafuka. Ya ce so ya cinye mata kunya. Ya ce da mahaifinsu na raye da baƙin cikinta ne zai kashe shi. Ta durƙusa tana kuka kamar ranta zai fita, duk da haka ba ta ƙara ko kalma ba.

Ana cikin haka aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Lawwali ne, ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba, bai san wainar da ake toyawa ba.

"Madalla," in ji Maharazu. "Taso. Gabanki za a yi."

A zaure suka tarar da Lawwali ya cire takalmi yana gaida Alhaji Gide, wanda ya harɗe a kan tabarma yana jan carbi kamar ba shi ya kunna wutar ba. Lauratu ta tsaya a bakin ƙofar ciki, gyale a fuska.

Maharazu bai amsa gaisuwa ba. Ya zauna ya dubi Lawwali ido cikin ido. Shekarun da ya yi yana tuhumar yara sun koya masa dabara.

"Malam Lawwali, ba sai ka wahal da kanka ba. An gaya mani komi."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Lawwali ya dubi hedimasta, ya dubi Lauratu da kumburarrun idanu, ya dubi Alhaji Gide. Nan take ya haɗa lissafinsa, kuma ya haɗa shi ba daidai ba. Ya miƙe zumbur.

"Ke! Ashe haka kike?"

"Lawwali..."

"Kar ki kira sunana! Kin rantse da Allah, Lauratu! Na ɗauki sirrina da na ubana da ke kwance na ba ki, ko sati ba ki iya riƙewa ba? Dama na sani. Ɗan mahauci ai ba a cika mashi alkawari. Kin ga Fijo, kin rasa hanyar da za ki yar da ni, shi ne kika samu dalili. To ki sha kuruminki! E, zan aje aikin, zan karɓi wuƙar ubana, in ya so ki shiga motar ki zauna gaba!"

Har carbin Alhaji Gide ya tsaya.

Maharazu ya yi ajiyar zuciya, ya gyara hularsa.

"To, yanzu na ji," ya ce a hankali. "Yarinyar ga ba ta gaya mani komi ba. Na tambaye ta da Allah, na zage ta, na ɗaga mata hannu, abin da ban taɓa yi ba tun tana ƙarama. Ta ce in tambayi mai magana. Kalangun Audi ya fara tona ka a kasuwa, hannunka ya amsa. Sauran kau kai ka ƙarasa da bakinka yanzu."

Lawwali ya dubi hannunsa na dama kamar na wani ne. Sai a lokacin kasuwa ta dawo masa, da kiɗan, da ihun. Ya koma ya durƙusa.

"Sharaɗina ka san shi," in ji Maharazu. "Gobe zan aika Ƙanƙara a gaya ma kawunanmu an hwasa. Ba don fawa kaɗai ba. Don ka so ka shigo gidana ta bayan katanga."

Alhaji Gide ya yi gyaran murya.

"Ai Malam, dama abin da babba ya hango..."

"Alhaji," Lauratu ta katse shi, muryarta a dishe, "ka kawo saƙo, an karɓa. Amma in lada kake jira, ba ni ce ladan ba. Ko yau, ko gobe."

Maharazu bai tsawata mata ba. Alhaji ya laluba takalmansa, ya ce yana da ma'aikata a wajen gini, ya fice.

Lawwali ya matso da gwiwa, hawaye na bin fuskarsa.

"Lauratu, ki yahe mani. Shaiɗan ne, ɓacin rai ne. Yallaɓai, na hwasa! Wallahi na hwasa aje aikin. A ba ƙanena sarautar, a ba kowa. Ni alli zan riƙe har in mutu, ku dai kar ku raba ni da ita."

Ta yaye gyalen daga fuskarta ta dube shi. Tana son sa, har a wannan lokacin tana son sa, kuma wannan ne ya fi komai yi mata ciwo.

"A'a, Malam. Ka je ka karɓi wuƙar Baba. Tsoho na kwance yana jiranka, kar ka ci amanarshi shi ma."

"Lauratu..."

"Ni ban taɓa ƙyamar sana'arku ba. Na shirya in bi ka Damari, in wanke maka rigar jini da hannuna, Yaya shi yi hushi da ni shekara goma in ya so. Na tsaya an kira ni munahuka a gidanmu saboda kai. Ka ce in riƙe maka magana, na riƙe har ta ƙona ni. Kai kau ko tambayata ba ka iya yi ba. Kallo ɗaya ka yi mani ka yanke."

Ta kwance agogon hannun da ya saya mata ranar da aka sa rana. Sai da ta yi ta fama da maɗaurin. Ta sunkuya ta ajiye shi a kan tabarma, a gabansa.

"Ƙarnin nama sabulu na hidda shi. Abin da ka ce mani gaban Yaya hwa, da mi zan wanke?"

Ta juya ta shige gida. Maharazu ya bi bayanta da kallo, bakinsa ya motsa kamar zai kira ta, sai ya fasa. Shi ma yana da abin da ya faɗa wanda ba zai iya mayarwa ba.

A ɗaki ta faɗa kan gado ta cusa fuska a filo. Dada ta shigo ta zauna a gefenta, ta aza mata hannu a baya. Can daga kasuwa ana jiyo kalangun Audi sama-sama, yana ta kiɗansa, bai san gidan da ya rusa ba.

Lauratu ta ce wa kanta ta gama da shi. Ta faɗa, ta sake faɗa. Amma kunnenta na ƙofar gida, yana jiran ƙarar babur ɗin da zai tafi da shi.

Aka kira magariba, aka idar da salla, babur bai tashi ba.